Takun Alhaji Nomau

Na ji ku jiya a bayan ɗakin awo, ba sai kun sunkuyar da kai ba. Ɗayanku ya ce aikin masu hawan jini yanzu ya zama shan ruwa: ka sa ma tsoho manhaja a waya, aplikasiyo kamar yadda kuke cewa, ita ta ce mashi ya tashi ya taka, ita ta ƙirga takun, kai kuma ka zauna a inuwa kana duba lamba. Madalla da ku. To ku jawo tabarma ku zauna, tun da yau ba ranar rigakafi ba ce, in ba ku labarin yadda lambar nan ta kusa kwantar mani da mutum.

Lokacin da na fara aiki a wannan ɗakin shan magani na ƙasar Maijirgi, babu waya, babu lantarki. Abin awon jini ɗaya gare mu, irin mai ɗamara da ƙwallon roba da ake matsawa, da agogo, da abin saurare. Bututunsa ya tsage, Majo ya ɗaure wurin da robar tayar keke. Majo shi ne babban ma'aikacin jinyar da ya koya mani aiki, Allah ya jiƙansa, mutum mai faɗan tsiya amma ba ya ƙulli. Sati uku bai bari na taɓa hannun maras lafiya ba. Hannunsa nake aunawa safe da yamma, in na faɗi lamba ya ce sake. Ranar da ya sake ni, wani tsoho ya shigo daga gona gumi na zuba, na yi caraf na ɗaura mashi ɗamara. Majo ya buge mani hannu.

"Ke, kin gaishe shi?"

Na ce na yi mashi sannu.

"Sannu gaisuwa ce? Tambaye shi gida, tambaye shi iyali, da gajiya, da ruwa, da bisashe. Har jakinsa ki tambaya."

Na ɗauka ladabi yake koya mani. Sai daga baya na gane cewa kafin ka kai ƙarshen gaisuwar mutanenmu, numfashin mutum ya daidaita, jininsa ya zauna, awon ya fito na gaskiya. Har yau da ita nake auna hutun da ake ba mutum kafin a ɗaura ɗamara.

Masu hawan jini, ko tansiyo kamar yadda suke ce mashi, ku lura da su da kyau. Da yawansu tsofaffin da ɗiyansu suka kawo ƙarfi ne. Ɗa ya je Agadas ko Najeriya ya samo, ya dawo ya ce, Baba ku huta hakanan. An karɓe hauya, an shimfiɗa tabarma, ga shayi, ga miya mai gishiri da dunƙule, ga kunun kanwa. Wannan zaman shi ne ladan tsufa a wurinmu, shi kowa ke roƙon Allah ya nuna mashi. Ke kuma ki zo da farar riga ki ce ya tashi ya motsa jiki! Wani ya taɓa ce mani, "Ɗiyata, shekara sittin ina motsa jikin nan. Yanzu da ya samu ya zauna za ki tashe shi?"

Alhaji Nomau bai yi mani wannan gardamar ba. Dogo ne, manomin gyaɗa, ya haura saba'in, kuma ranar da na fara auna shi na samu sha takwas bisa sha ɗaya, wato ɗari da tamanin bisa ɗari da goma. Ya dube ni ya ce in faɗa mashi gaskiya. Yayansa Malam Idi ya yi shekara uku kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma Alhaji ne ke juya shi, shi ke yi mashi wanka, shi ke share mashi baki.

Ya ce, "Madam, mutuwa ba ta ba ni tsoro, ai dole ce. Kwanciyar nan ce ba na so. Kada in kai ranar da Iliya zai ɗaga ni kamar buhu. Duk abin da kika ce in yi, zan yi."

Iliya babban ɗansa ne, mai amalanken jaki biyu da moto, wato babur. Na ba Alhaji magani, na ce a rage gishiri da kanwa, na ce ya dinga takawa. Ya sha maganin, jinin ya sauko sha shida ya tsaya nan, don takawar ba ta samu ba.

Sai ga shekarar wayoyi. Wani furoje, shirin masu ba da agaji, ya zo, aka kai mu Tasawa horo na kwana uku, aka ba mu wayoyin salula mu raba ma tsofaffinmu masu hawan jini. Manhajar da ke ciki tana ƙirga taku, ta aiko mani lissafin a tawa wayar, wanda ya cika sunansa ya yi kore, wanda bai cika ba ya yi ja. Kuma tana magana da Hausa, da hantsi da bayan la'asar, don waɗanda ba su yi karatun lakwal ba. Ban san wanda ya fassara masu maganar ba, Allah ya yafe mashi. Muryar wata yarinya ce mai zaƙi, tana cewa, "Lokacin yawo ya yi."

Yawo! Tabɗi. Kwana biyu da rabon, Hajiya Tabawa ta shigo nan da wayar naɗe a bakin zane, ta dire mani ita a kan tebur.

"Karɓi abarki. Ni za a ce ma in tashi in yi yawo? Ko ina budurwa ban yi yawo ba, sai yanzu da jikoki goma sha?"

Wata ta jefa tata cikin kwalla ta rufe da murfi don kada surukai su ji. Na yi ta ba da haƙuri gida gida. Amma Alhaji Nomau sai ya sa tasa a aljihun riga. Sati na farko sunansa ja, na biyu ja, sai a na uku ya koma kore shar, kuma bai sake sauka ba. Taku dubu shida, dubu bakwai, wata rana har tara. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye maku ba. Duk taron da aka yi sai na ɗaga wayata na nuna sunansa, in ce ga tsohona.

Daminar nan ita ce muguwar shekarata. Zazzaɓi ya yi yawa, tun kafin rana ta fito uwaye sun cika rumfar nan da goyo, ni kaɗai ce, gwaji, allura, ƙarin ruwa, sai la'asar nake tuna ban karya ba. Abin awon ma ƙwallonsa ya fashe, na aika Tasawa a samo wani, ruwa ya yanke hanya, ya yi sati biyu bai zo ba. Da ya zo kuma, duk ranar da na yi niyyar zuwa gidan Alhaji sai in duba waya in ga kore, in ce ai wannan lafiya lau yake, bari in je wurin masu ja. Bai zo karɓar magani ba ƙarshen wata, na ce wataƙila da saura. Wata biyu da rabi ɗamarata ba ta hau hannunsa ba. Wannan laifina ne, ba na waya ba.

Wata safiya ina cikin yi ma jariri allura sai na ji amalanke ta tsaya da gudu, Iliya na kiran Madam, Madam. Alhaji na zaune a baya riƙe da kai. Ya ce ƙeyarsa kamar za ta tsage, idonsa na ganin hazo. Da ya buɗe baki ya gaishe ni na ji harshen ya yi nauyi. Na auna. Ashirin da ɗaya bisa sha biyu. Na sake aunawa a ɗaya hannun, haka dai. Na ce ya damƙe yatsuna, ya damƙe da ƙarfi duka biyu, na ce alhamdu lillahi, ɓarin bai tafi ba tukuna. Na kira babban asibiti suka faɗa mani abin da zan yi, suka ce mota ba za ta iya ƙetare ruwan kwari ba, mu kawo shi bakin kwalta. Muka shimfiɗa katifa a amalanke, na zauna kusa da shi riƙe da laima. Muna cikin tafiya sai ya dube ni.

"Ɗiyata, irin ta Idi ce?"

Na ce, "Baba, ku ɗaga hannunku in gani." Ya ɗaga. Na ce, "Malam Idi ya ɗaga nasa ranar?" Ya girgiza kai, ya rufe ido.

Kwana biyar ya yi a Tasawa, ya dawo da ƙafafunsa, harshe ya sake. Likita ya ce an tari abin da wuri, ya dinga shan magani ba fashi, in ya yi sati uku ya fara takawa a hankali. Ni kuwa abin ya tsaya mani a rai. Mutum mai taku dubu bakwai kullum, ta ina jini ya hau haka? Ranar da ya koma takawa na rufe ɗakin nan da hantsi, na je na tsaya a gindin wata bishiyar bedi nesa da ƙofar gidansa. Wayar ta yi maganarta, Alhaji ya fito, ya kama hanyar gona. Na ƙirga da bakina. Taku arba'in da uku. Sai ga mai amalanke ya ja linzami, ya diro, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana? Bismillah, ku hau."

Alhaji ya hau. Na bi su a baya da gudu-gudu, farar riga na kaɗawa, mata na leƙe ta kan danga. Suka je gona, ya sauka ya duba gero, ya ɗan tsaya, wata amalanken ta ɗauko shi ta maido har ƙofar gida. Na roƙi mai amalanken ya kai ni gonar ya dawo da ni, na sa tawa wayar a aljihu. Ban taka ko ɗaya ba, amma da na sauka ta rubuta mani dubu uku da wani abu. Ashe jaki ke takawa, amalanke na girgiza, ni kuma ina ɗaga waya a taro ina cewa ga tsohona.

Na shiga zauren da faɗa a bakina. Na ce, "Haba Baba! Amalanke na ce ku hau ko takawa na ce ku yi?"

Ya ce, "Zauna, ɗiyata. In mutum ya tsayar da jakinsa, ya sauko, ya durƙusa ya ce in hau, in ce mashi a'a? Ɗan wa zan kunyata a bakin hanya? Kuma ai wayar taki in na dawo cewa take madalla, kun cika. Na ce to ashe fitar ce magani."

"Maganin da na ba ku fa?"

"Wanda ake ce ma madalla kullum, me zai yi da magani? Na ajiye shi tun farkon shuka."

Iliya na tsaye a bakin zaure yana murza hula, sai ya ce laifinsa ne. Ya ce wata rana wayar ta yi magana a aljihun Alhaji ana zaune a majalisa, ta ce lokacin yawo ya yi, kowa ya ji. Alhaji ya miƙe ya nufi daji, ba buta, ba hauya, ba wanda ya kira shi.

"Madam, kin san abin da aka faɗa? Wasu suka ce tsufa ya fara taɓa kan Baba, yana bin muryar mace cikin aljihu. Wasu suka ce Iliya na da amalanke biyu da moto amma ya bar ubansa na bugun ƙasa. Ban iya cin abinci ba ranar. Na bi masu amalanken garin nan ɗaya bayan ɗaya, na ce don girman Allah duk wanda ya ga Baba a ƙasa ya ɗauke shi. Ni na ɗauka gata nake yi mashi."

Idonsa ya yi ja. To ku faɗa mani, ku da kuka fito lakwal da takardu, wa zan yi ma faɗa a zauren nan? Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi mugunta. Na fito na tsaya a bakin hanya tare da mai amalanken ina tunanin ta inda zan ɓullo ma abin.

Muna tsaye sai ga wani dattijo makiyayi, daga wajen Issawane suke saukowa da bisashensu, ya naɗe fuska da rawani, yana bin awakinsa da sanda a kafaɗa. In bai girmi Alhaji ba to sa'ansa ne. Amalanke biyu suka wuce shi, suka ɗaga hannu, babu wadda ta tsaya. Na ce ma mai amalanken, wancan tsohon fa, me ya sa ba ku ɗauke shi ba? Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"Haba Madam, ai shi aiki yake."

Na koma cikin zauren ko sallama ban yi ba. Na ce, "Baba, wa ke kiwon ragon layyarku?" Ya ce Iliya ke sayowa in Salla ta matso. Na ce, "In kun sayi ƙarami tun yanzu, kuka yi kiwonsa da hannunku, ku fitar da shi safe da yamma, ku ce ladan ku kaɗai kuke so, akwai mai hana ku?" Ya kalle ni, sai ya fashe da dariya har yana tari.

"Ke ɗiyar nan, Majo ya bar maki wayonsa."

Ranar kasuwar Urafane Iliya ya dawo da ɗan rago fari mai baƙin kai. Alhaji ya faɗa a majalisa da bakinsa cewa ya yi niyyar kiwon layyarsa da kansa, kada wanda ya taɓa igiyar. Da kaka yana kai shi bakin gonaki ya ci harawa, da rani ya shigo ya koma kai shi gindin gawon da ke bayan kwari, inda 'ya'yan gawo ke zubowa, tafiya mai ɗan nisa zuwa da dawowa. Masu amalanke suka koma ɗaga hannu suna cewa sannu da aiki, Baba. Ragon kuma ɗan banza ne, ba ya tafiya a hankali, shi ke jan Alhaji, har na ce ya dinga tsayawa yana hutawa. Na kai kuka wurin masu furoje a kan kalmar nan, suka ba mu dama mu naɗi muryarmu mu sa. A wayar Alhaji na ce, "Baba, rago na jira." A ta Hajiya Tabawa na ce, "Hajiya, akwai dubiya a unguwar gabas," don garin nan ba a rasa maras lafiya ko mai jego, ta karɓi wayarta ta koma da ita. Kowace Laraba ina auna Alhaji, in ƙirga maganinsa da idona. Sha shida, sha biyar, sha biyar, sha huɗu da rabi. Na kuma koyi duba takalmi. Mai takawa dunduniyar takalminsa na cinyewa, mai hawan amalanke nasa sabo yake zama.

Abu ɗaya ya hana hankalina kwanciya, Salla na matsowa. Rago na layya ne, ranar yanka za ta zo, daga nan Alhaji ya koma tsohon da ke fita ba dalili, amalanke ta koma tsayawa. Na so in yi mashi maganar sayen wani, sai ya ce mani, "Bari Sallar ta zo." Ranar Salla sunansa ya yi ja, na ce ai kowa na gida ana gashi. Washegari na duba, kore, dubu shida. Na uku ma kore. Ni kuwa na san irin wannan koren. Na ce shi ke nan, jakuna sun koma yi mani aiki.

Na ɗauki abin awo da hantsi na nufi gidan, na shirya ma Iliya maganganu tun daga hanya. A ƙofar gida na tarar da fatar rago an shanya an baɗe ta da toka, fara ce sol. Na tsaya a kanta, na ɗauka ta ragon Alhaji ce. Ban ankara ba sai na ji kukan rago daga hanyar kwari. Na juya, ga Alhaji tafe, riga ta jiƙe a baya, takalmi ya yi futu-futu da ƙasa, ga mai baƙin kai a gaba yana jan igiya, ya zama ƙato har da ƙaho.

Na ce, "Baba, to fatar wa ce wannan?"

"Ta wani daban ce da Iliya ya sayo a Urafane ana gab da Salla. Shi muka yanka."

"Wannan fa? Ba shi ne na layyar ba?"

Ya ɗaure igiyar a turke, ya shafa wuyan ragon, ya dube ni da mamaki.

"Haba ɗiyata. Wa kika taɓa jin ya yanka likitansa?"

Na yi dariya har na share ido da bakin mayafi. Muka zauna a zaure, na tambaye shi gida, da iyali, da gajiyar Salla, da yadda aka ci nama, na ce ina fata ba a cika gishiri ba, na tambayi lafiyar rago. Sannan na ɗaura ɗamara. Sha huɗu bisa takwas. Na yi ajiyar zuciyar da har Iliya ya jiyo daga tsakar gida, ya leƙo ya ce lafiya, Madam? Na ce lafiya lau, Malam Iliya, je ka ci gaba da aikinka.

Layya biyu ta wuce tun daga nan, ragon na nan, garin duka Likita suke kiransa. Ban ce maku wayar banza ce ba. Ita ke tashin Alhaji kullum, ita ke faɗa mani ranar da bai fita ba in je in ga ko lafiya. Amma ba ta san amalanke ba, ba ta san kunya ba, ba ta san abin da ake faɗa a majalisa ba. Wannan ku za ku sani.

Yauwa, kun ji kukan nan a bakin danga? Yau Laraba, shi ne. Kai mai cewa shan ruwa, tashi ka ɗauko ɗamara, kai za ka auna shi yau. Kada ka taɓa hannunsa sai ka tambaye shi gida, da iyali, da gajiyar hanya. Kuma ka tambayi Likita, in ba haka ba Alhaji ba zai miƙo maka hannun ba.